Shehun Sedgefield da Uwar Maƙerar Babana

Labari ya iso mini cewa idan kuka taru a gidan Nura ranar Sallah, bayan na shiga ɗaki in ɗan miƙe baya, hirar da kuke yi ita ce wai Baba ya taɓa yin kishi da wani tsoho ɗan ƙasar Sin. Har an ce Nura yana kwaikwayon tafiyata, jikoki suna faɗuwa don dariya. To ku zauna ku karanta. Wanda bai iya Hausa ba a cikinku ya nemi uwarsa ta karanta masa, don ni ba zan rubuta da Turanci ba. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, shi ma malamin ne ya gaji, ba ni ba. Zan faɗi yadda abin ya faru tiryan-tiryan, ku da kanku ku yanke hukunci ko kishi ne ko kuwa kare mutuncin gida.

Ni ɗan maƙeran farfaru ne. Ku da kuka tashi a nan ba ku san bambancin ba: maƙerin babbaƙu shi ke yin fartanya da gatari, mu kuwa azurfa muke taɓawa, mundaye da zobba da 'yan kunne. Babana Malam Mamman, Allah ya jiƙansa, yana da wata 'yar uwar maƙera da ya gada wajen nasa uban, ƙarfe ne gajere mai tsini a ƙasa, ana kafa shi a gungume a yi duka a kai. Fuskarta ta yi sumul kamar madubi saboda shekarun guduma. Da ya rasu 'yan'uwana suka ɗauki gona a Katsina, ni na ɗauki uwar maƙera. Ranar da za mu taho Amurka na cusa ta a akwati tsakanin kuka da daddawa. Jami'in filin jirgi ya zaro ta, ya juya ta, ya tambaye ni mene ne wannan. Turancina a lokacin bai wuce cikin cokali ba, sai na ce masa, "My father." Ya dube ta, ya dube ni, ya mayar da ita a hankali kamar mai yi mini ta'aziyya.

A Greensboro babu wanda ya tambaye ni zobe. Aikin da na samu shi ne ɗaga kwalaye a wani katafaren sito a Wendover, uwar maƙera kuwa ta shige ƙasan kabad bayan kulolin uwarku, Hajiya Asabe. Niyyata in koya wa ɗana Nura idan ya tasa. Nura ya tasa, ya dubi guduma, ya dubi kwamfuta, ya bi wadda ba ta sa zufa. Ita kuwa Ummi, mai sunan mahaifiyata, tun tana 'yar ƙarama take buɗe kabad ɗin nan tana shafa ƙarfen, tana cewa in nuna mata. Na gaya mata a gidanmu mace ba ta zama a maƙera. Ba ni na kafa dokar ba, tarar da ita na yi, kuma har gobe ban ga inda na yi kuskure wajen faɗin abin da na tarar ba.

Shekarar da nake ba ku labarinta, Ummi tana karatun jinya a jami'ar da ke gabashin gari, tana kuma aikin kula da marasa lafiya a gidajensu. An tura ta wani gida a Sedgefield ta yi jinyar wata tsohuwa har Allah ya karɓi abarsa. Amma bayan rasuwar sai na ga kowace Asabar Ummi ta ɗauki mota ta fita tun da safe. Na tambayi uwarku ina yarinyar nan take zuwa. Hajiya tana kicin, fanfo yana zuba, ta ɗaga murya ta ce ai wajen Shifu take zuwa ɗaukar darasi. Kunnena na hagu tun a sito injin ɗaga kaya ya cinye shi. Abin da na ji shi ne Shehu.

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. A ƙasar da 'ya'yan mutane suke gudun islamiyya, tawa ta nemo Shehu da ƙafarta. Ranar Juma'a bayan an idar da salla na tare abokina Alhaji Issaka, mutumin zangon Kumasi, mai tuƙin babbar mota, na gaya masa yadda kowa a bakin masallaci zai ji.

"Ei, Alhaji Sule," in ji shi, "wane Shehu ne a Sedgefield? Can ai sai tsofaffin Turawa masu gajeren wando suna bin ƙwallo da sanda. Na kai kaya unguwar nan, ko buta ban taɓa gani ba kraa, ko sau ɗaya."

"Manyan bayin Allah ai ba sa tallan kansu," na ce masa. "Kai da ka san Shehunnai a rediyo kawai."

Asabar ta zagayo na ce lalle uba ya je ya gai da malamin 'yarsa. Na sa farar babbar rigata mai aiki, na kafa hula, na sayi turare mai tsada da goro fari a shagon 'yan Afirka. Hajiya ta ga ina shiri ta tambaye ni ɗaurin auren wa za a yi. Na ce wajen Shehun Ummi za ni. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta rufe, ta rubuta mini adireshi da hannunta, ta raka ni har bakin ƙofa tana cewa in isar da gaisuwarta. Ku rubuta wannan a wajenku: matar da na zauna da ita duk tsawon rayuwata ta bar ni na tafi.

Na isa gidan, na ga motar Ummi, na ga ƙofar gareji a ɗage. Na yi sallama da muryar da ake yi wa malamai sallama, na fara cire takalmi. Wanda ya fito wani ɗan tsurut ɗin tsoho ne ɗan Sin, da rigar leda ɗaure a ƙirji, da wani tabarau mai hanci biyu a goshi kamar na mai gyaran agogo. Na ce masa na zo ganin Shehu. Ya nuna ƙirjinsa yana murmushi. Na leƙa bayansa ko akwai wani mai rawani a ciki. Babu kowa sai Ummi, zaune a kan kujera gaban teburi, ɗankwali ɗaure tamau, wutar gas a hannun dama, awartaki a hagu, ƙwayar azurfa tana narkewa a gabanta tana rawa. Warin ne ya fara kama ni kafin idona ya gane. Rabona da warin nan tun zauren babana.

"Baba! What are you doing here?"

"Na zo gai da Shehunki."

"Shifu, Baba. Shi-fu. Malamin sana'a kenan da yarensu. Wannan Mista Wen ne, mijin marigayiyar da na yi jinya."

Turaren da goron suna hannuna, babu yadda za a yi in mayar da su aljihu, sai na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya rusuna. Ya gutsuri goron, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, amma ya haɗiye ya ce mai kyau ne. Daga nan na san mutumin nan ba ƙaramin abokin gaba ba ne.

Ya zagaya da ni garejin. Bango duk hotunan wasu tukwane ne na tagulla da suka yi kore don tsufa, wata mai ƙafa uku da kunnuwa biyu, wata mai dogon wuya, jikinsu cike da zane mai murɗewa kamar sawun tsutsa a yashi, a tsakiya kuma idanu biyu ƙuru-ƙuru suna kallon mutum. Ummi tana fassara mini inda Turancinsa da nawa suka yi karo. Wai kakannin kakanninsu ne suka zuba su, suna dafa nama da zuba abin sha a ciki don girmama magabata. Shi kuma tun da ya bar aiki yake ƙanƙanta su da azurfa: tukunya kamar kan babban yatsa a rataya a wuya, 'yan kunne masu zanen nan mai murɗewa, mundaye masu idanu. Na ɗauki ɗaya na juya ta a haske ina neman inda aka yi ha'inci a haɗin ƙafar. Na daɗe ina nema. Ya ce da Turancinsa, wannan ba tawa ba ce, 'yarka ce ta yi, hannunta yana da kyau ƙwarai. Ya faɗe shi yana washe baki, kamar shi ya haifi hannun.

A mota ban kunna karatu ba. Abin da yake yawo a kaina shi ne, a wajenmu maƙeri ba ya faɗin sunansa shi kaɗai. Idan aka ga aikinka aka yaba, tambayar da ke biye ita ce a hannun wa ka koya, kai kuma ka ce a hannun wane, ɗan wane. Ni ina cewa a hannun Mamman ɗan Garba. Yanzu ga jinin Mamman ta riƙe awartaki, idan aka tambaye ta sai ta ce a hannun Wen. Wen ɗan wa? Oho.

Sai na ɗauko hanyar addini, don ita ce ta fi kusa. Na ce wa Hajiya tukwanen nan na tsafi ne, kuma idanun nan ba zan yarda su kwana a gidana ba. Na kai wa Alhaji Issaka maganar ina jiran ya goya mini baya, bayan ya gama dariyar Shehu, wadda har yau bai gama ba.

"Chale, abokina, in dai tsafi ne yake damunka, ga liman can bai tafi ba. Mu je ka tambaye shi."

"Ba yau ba, yana da baƙi."

"Wane baƙi? Shi kaɗai ne yana danna waya. Ko dai tsoro kake ya ce maka babu laifi?"

Ban je ba. Ba don abin da Issaka ya faɗa ba, don dai ba na son ɗora wa malami nauyi a ranar Juma'a.

Abin da ya ƙarasa ni a wajen wani suna ya faru, a ɗakin taron da mutanenmu suke haya. Tun aurenmu Hajiya ba ta zuwa biki sai da mundayen da na ƙera mata da hannuna a Katsina, masu murɗi uku. Ranar nan na ga hannunta fayau, a wuyanta kuwa ga 'yar tukunyar Sin mai ƙafa uku tana lilo a kan leshi. An raba maza da mata da labule, amma labule ba ya tare murya, kuma kunnena na dama lafiyarsa ƙalau idan maganata ake yi. Na ji mata sun yanyame ta. Wata ta ce kaskon turaren wuta ne, wata ta ce a'a, tukunya ce a kan murhu, a ina aka sayo, Dubai ko. Hajiya ta ce Ummi ce ta ƙera. Sai wata dattijuwa 'yar Damagaram ta yi guɗa ta ce, "Ai dole! Gado ne, ubanta maƙeri ne." Na gyara zama, na ɗan ɗaga hula. Sai na ji muryar uwarku, tar kamar a lasifika:

"Wane gado, Hajiya? Wani ɗan Sin ne ya koya mata. Uban nata ai guduma ma ya hana ta taɓawa."

Loma tana hannuna na mayar da ita faranti. Alhaji Issaka ya ja farantin gabansa ya ce tunda na ƙoshi.

Washegari na fitar da kulolin Hajiya ɗaya bayan ɗaya, na ciro uwar maƙera, na goge ta da mai. Na samo guntun gungume wajen masu yankan itace, na kafa ta a tsakiyar falo, na kira Ummi. Na ce mata na sake duba dokar gidanmu, na gano cewa maƙerar Katsina ta hana, ba ta ce komai a kan ta North Carolina ba. Ta zauna, idonta ya kawo ruwa, ni kuwa na yi kamar ban gani ba. Na ɗora guntun azurfa na fara nuna mata dukan babana, wanda guduma take faɗuwa da nauyinta ba da ƙarfin mutum ba. Ba mu yi nisa ba matar da ke ƙasanmu ta fara dukan silinta da sandar tsintsiya. Mun zauna a hawa na biyu ne a gidajen hayan nan na bayan Wendover, inda in ka yi atishawa maƙwabci zai ce maka sannu. Kafin la'asar mai kula da gidajen ya hawo, ya ga gungume a kan kafet, ya ga wutar gas, ya yi mini bayani mai tsawo wanda na gane ƙarshensa kawai: in an sake, mu nemi wani gida. Na gwada gidan Nura, matarsa ta ce ƙungiyar unguwarsu ko launin ƙofa sai da izininta. Na gwada filin ajiye motoci, sanyi ya kori yatsuna, wani kuma ya kira 'yan sanda don ya ga baƙin tsoho zaune a ƙasa da guduma.

"Wuri ɗaya ne a garin nan da za ka yi duka babu mai ce maka kanzil," in ji Hajiya, tana ninke wanki ba ta ko dube ni ba. "Kuma ka san hanya, har da babbar riga ka je."

Na ce uwar maƙerar Mamman ɗan Garba ba za ta kwana a ƙarƙashin rufin wani ƙato ba. Ta ce ƙaton da bai kai kafaɗata ba. Haka muka ci sanyin shekarar nan, ƙarfen yana falo an lulluɓe shi da zane, Ummi tana fita kowace Asabar, tana dawowa da Shifu ya ce kaza, Shifu ya ce kaza. A teburin cin abinci sunan mutumin nan ya fi gishiri yawo. Shifu ya ce azurfa tana da haƙuri amma ba ta mantuwa. Na ce babana ya faɗi wanda ya fi wannan tun Shifu yana tsumma, aka ce me ya ce, na ce ba a faɗa a kan abinci.

Wata safiya tana ɗaura takalmi za ta fita, ta ga ina kallon zanen da ke falo. Ta dawo ta durƙusa kusa da ni, ta yi magana da Hausarta mai ɗingishi, wadda take ajiyewa don lallashina.

"Baba, kar ka damu kanka. Ba sai ka kai uwar maƙerar can ba, wallahi. Shifu yana da guda biyu, har ya ce zai bar mini ɗaya."

Da alheri ta faɗa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ashe ba jiran ƙarfen babana take yi ba. Ƙarfen ne yake jiranta, ita ta riga ta yi gaba, kuma in na ƙara jinkiri za ta gaji uwar maƙerar wani, ta Mamman kuwa ta ƙare a hannun jikokin da za su sayar da ita a kasuwar tsofaffin kaya a bakin titi. Na ce ta jira ni in sa hula.

Na rungumi uwar maƙerar a cinya har Sedgefield, naɗe cikin tsohuwar atamfar Hajiya. Mista Wen ya fito, na kwance zanen. Ya sauke tabaraunsa mai hanci biyu, ya sunkuya ya daɗe yana kallon fuskar ƙarfen, bai taɓa ba. Ya tambayi ta wace ce. Na ce Mamman ɗan Garba. Ya maimaita, ya ce Maman dan Gaba, na gyara masa, ya sake, na sake gyarawa, har sai da ya faɗa daidai, don a nan kam ba zan yi rangwame ba. Na gaya masa a gidanmu baƙo ba ya dukan uwar maƙera. Ya ce ya ji. Ya ture nasa teburin gefe, ya ba ta wurin da hasken taga yake sauka, wuri mafi kyau a garejin. Na so ya yi gardama ko kaɗan, in samu abin riƙewa. Bai yi ba. Mutumin nan ko a wajen rashin kunya ba ya taimakon mutum.

Na zauna a ƙasa yadda ake zama, na ce Ummi ta zauna. Ta jawo 'yar kujera, don haka ta saba. Na ƙyale. Ta ɗauki gudumar babana, wadda ita ma na taho da ita daga Katsina, ta riƙe ta can kusa da kai, babban yatsa a miƙe a kan ƙota, riƙon da ban taɓa gani a zuriyarmu ba. Na ce ta ja hannunta baya, ta saki yatsan, ta bar ƙarfe ya yi aikinsa. Ta ce to, Baba. Amma kafin hannun ya motsa, idonta ya tafi wajen tsohon nan, ƙiftawa ɗaya, shi kuma ya ɗan gyaɗa kai, sannan ta gyara. Ita ba ta san ta yi ba. In kun tambaye ta yau za ta rantse ba ta yi ba. Ni na gani, kuma kallon nan shi ne kuɗin da na biya. Ta ɗaga guduma ta sauke, ƙarar da na sani tun ina rarrafe ta cika garejin ɗan Sin. Abin da aka fara ƙerawa a kan uwar maƙerar Mamman a ƙasar Amurka munduwa ce mai idanu biyu ƙuru-ƙuru. Murɗin bakinta dai namu ne, na tsaya a kan wannan.

Yanzu Ummi ta yi suna a sana'ar, ana aiko mata da oda daga garuruwan da ban san sunansu ba. Idan aka tambaye ta wa ya koya mata, Shifu take cewa, sannan ta ƙara da cewa babanta ma maƙeri ne. Wannan "ma" ɗin ina jin sa har cikin haƙorina. Ban taɓa ce mata ta canza ba, don ba ƙarya ta yi ba.

Ranar da na kai ƙarfen, da za mu tafi, Mista Wen ya biyo ni har mota ya danƙa mini makullin ƙofar garejin. Ya ce kayan babana ne a ciki, in zo duk lokacin da na ga dama, ba sai na nemi izini ba. Na karɓa, yana nan a zoben makullaina, kuna ganinsa. Ban taɓa sa shi a ƙofar ba. Duk Asabar in na je, tsayawa nake in ƙwanƙwasa, in jira. Na san gwiwarsa tana ciwo, ina jin jan ƙafarsa daga ciki, Ummi tana cewa Baba ai kana da makulli. Ina da shi. Amma mutumin da ya karɓe mini 'ya yana zaune, dole ya tashi tsaye ya buɗe wa ubanta ƙofa.